Kyamara mai jawo nesa kusa: tambayoyi da amsoshi kafin ka fitar da kuɗinka

Wannan bayani na mai ɗaukar hoto don sha'awa ne, wanda yake son ya kama tsuntsu a kan reshe, ko mahayin doki ranar hawa, ko farin wata, da kyamara guda ɗaya wadda ba sai an yi ta canza mata gilashi ba. Mai cin abinci da hoton biki zai iya tsintar wani abu a ciki, amma lissafinsa daban ne.

Wace irin kyamara ake nufi?

Kyamara ce da gilashinta yake manne da jikinta, ba a cirewa, amma yana miƙewa daga ɗaukar fili mai faɗi har zuwa jawo abin da ido ba ya iya tantancewa. A siffa ta yi kama da manyan kyamarorin masu hoto, da mariƙi da tagar leƙe da komai, sai dai abin da ke cikinta ya fi kusa da na ƙananan kyamarorin aljihu. Kamfanoni huɗu ne suka yi suna a kanta: Nikon da jerin Coolpix P, Canon da PowerShot SX, Panasonic da Lumix FZ, sai Sony da RX10 da HX. Akwai kuma ƙannensu na aljihu, irin su Canon SX740 HS da jerin TZ na Panasonic, masu zum 30x zuwa 40x.

Tun da waya ta cinye kasuwar ƙananan kyamarori, kamfanonin sun rage fitar da sababbi. Yawancin waɗanda za a ambata a nan sun fito ne tsakanin 2014 da 2020. Kada tsufan shekarar ya tsorata ka.

Me ake nufi da 60x, 83x ko 125x da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali?

Wannan lamba rabo ce kawai: an raba tsayin gilashi a ƙarshen zum da tsayinsa a farko. Nikon P1000 tana farawa daga milimita 24 ta ƙare a 3000. Ka raba 3000 da 24, ga 125 nan. Lambar ba ta faɗa maka nisan da kyamara za ta kai sai ka san inda ta fara. Panasonic FZ80 tana da 60x, Sony HX400V tana da 50x, amma duka biyun a milimita 1200 suke tsayawa. Ta Panasonic ta fara ne daga 20, ta Sony daga 24, shi ya sa lambar ta bambanta. Mai shago zai ce maka sittin ta fi hamsin jawowa, kuma ba gaskiya ba ne.

Abin da za ka nema a takardar kyamara shi ne lambobi biyu masu mm, kamar 24–600mm ko 21–1365mm. Ta farko faɗin abin da za ka iya ɗauka ne idan kana cikin ɗaki ko gaban babban gini, ta biyu kuma nisan jawowa. Waɗannan lambobi an daidaita su ne da ma'aunin tsohon fim na milimita 35 domin a iya gwada kyamara da kyamara. Ainihin gilashin P1000 daga milimita 4.3 ne zuwa 539.

To milimita nawa zai ishe ni?

Nan ne ya kamata ka zauna ka yi lissafi, domin nan kuɗi suka fi salwanta. Lissafin ba wuya: ka ninka nisan abin da 36, ka raba da milimitar gilashi, abin da ya fito shi ne kusan faɗin wurin da hoton zai ɗauka.

Idan abu yana nisan mita 100, gilashin 600mm zai ɗauki faɗin mita 6. Na 1200mm mita 3. Na 2000mm bai cika mita 2 ba, na 3000mm kuwa mita ɗaya da 'yan kai. Yanzu ka ɗauki mahayi a kan doki yana nisan mita 50 daga inda kake tsaye. A 600mm faɗin hoton mita 3 ne, wato da ƙyar doki da mahayinsa da rawaninsa za su shiga. Idan ka miƙa zum zuwa 2000mm, abin da za ka samu bai wuce fuska da ƙirjin mahayin ba, kuma kafin ka danna ya wuce. Ga doki, ɗan ƙwallo, ɗan dambe, giwa a Yankari, jirgin masunta a Argungu, milimita 400 zuwa 600 sun wadatar.

Ƙananan tsuntsaye ne ke canza lissafin. Tsuntsu mai tsawon santimita 15 a nisan mita 20, a 600mm kashi ɗaya cikin takwas na faɗin hoton kawai zai cika. A 2000mm zai kusa cika rabi. Wanda tsuntsaye ne suka ja shi zuwa hoto, wanda yake mafarkin zuwa dausayin Haɗejiya da Nguru lokacin da baƙin tsuntsaye ke sauka daga Turai, shi ne yake da hujjar neman 1200mm zuwa sama. Shamuwa da belbela da zalɓe manya ne, ba sa buƙatar haka.

Me ya sa mai zum 25x ta fi mai zum 125x tsada?

Saboda sensa, wato ɗan farantin da ke bayan gilashi yana karɓar haske yana mayar da shi hoto. Waɗannan kyamarori gida biyu ne. Gida na farko suna da ƙaramar sensa da ake rubuta wa 1/2.3, girmanta kusan milimita 6.2 da 4.6. Gida na biyu suna da wadda ake kira ta inci ɗaya, milimita 13.2 da 8.8. A faɗin fili, ta biyun ta ninka ta farko kusan sau huɗu. Kamar masu tarar ruwan sama ne guda biyu, ɗaya da kofi ɗaya da roba: idan ana kwarara kowa zai samu, idan yayyafi ne mai kofi zai tashi da kaɗan. Da rana tsaka ƙaramar sensa tana ba da hoto mai kyau. Da magariba ta gabato, ko aka shiga inuwa, sai hoton ya fara yin yashi-yashi, kyamara ta yi ƙoƙarin goge yashin, ta goge har da gashin tsuntsun.

Ƙanƙantar sensar ce kuma take ba da damar zum mai nisa. Da za a yi gilashin 3000mm domin sensar inci ɗaya, ba mai iya rataya shi a wuya. Saboda haka zaɓi ne tsakanin abu biyu: nisa da ƙaramar sensa, ko tsaftar hoto da zum matsakaici. Ba kyamarar da ta haɗa duka.

Farashin da aka fitar da su a Amurka ya nuna haka. Panasonic FZ80, mai 60x da ƙaramar sensa, ta fito a 2017 a kan kusan dala 400. Nikon P1000, mai 125x, ta fito a 2018 a kan kusan dala 1000. Sony RX10 IV, wadda zum ɗinta 25x ne kawai amma sensarta inci ɗaya ce, ta fito a 2017 a kan kusan dala 1700.

Lambobin nan masu f, kamar f/2.8–6.5, su kuma fa?

Faɗin ƙofar da haske ke bi ya shiga ke nan, kuma lambar a juye take: ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Ta farko ita ce ƙofar a farkon zum, ta biyu a ƙarshensa, kuma ta biyun ce ta shafe ka tunda don ƙarshen zum ka sayi kyamarar. Daga f/2.8 zuwa f/4 haske ya ragu rabi, zuwa f/5.6 ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, zuwa f/8 kashi ɗaya cikin takwas.

P1000 a ƙarshen zum ɗinta f/8 take. Nikon P950 f/6.5. RX10 IV f/4 a 600mm. Akwai kuma wata da ba a cika kula ta ba, Panasonic FZ300 ta 2015, wadda take riƙe f/2.8 tun daga 25mm har 600mm. Sensarta ƙarama ce, megafiksel 12 kacal, amma gilashin nan yana rufa mata asiri sosai idan rana ta yi sanyi.

Megafiksel nawa ya kamata in nema?

Kada ka ɓata lokaci a nan. Dukkansu tsakanin 12 da 20 suke, kuma 12 ma ta isa a wanke hoto babba a rataye a falo. Cusa megafiksel da yawa a ƙaramar sensa ba ya ƙara komai a zahiri.

Wayata ma tana da zum 100x. Ina amfanin sayen kyamara?

Zum iri biyu ne. Akwai na gilashi, inda gilasai ke motsi da gaske su jawo abin. Akwai na dijital, inda ake yanko tsakiyar hoto a kumbura shi. Samsung Galaxy S23 Ultra tana tallar 100x, amma gilashinta mafi nisa 10x ne, kusan 230mm. Sauran yanka ne da gyaran manhaja. iPhone 15 Pro Max a 120mm take tsayawa. Don haka ko kyamarar 600mm ta bar su a baya nesa ba kusa ba.

Sai dai a ba waya haƙƙinta. A cikin ɗaki, da dare, ko wajen ɗaukar mutane a kusa, waya mai kyau takan doke kyamara mai ƙaramar sensa, domin tana ɗaukar hotuna da yawa a ƙiftawa ɗaya ta haɗe su. Idan yawancin hotunanka na yara ne a tsakar gida da walimar suna, riƙe wayarka. Kyamarorin ma suna da zum na dijital a saman na gilashi. Shiga saiti ka kashe shi, yankan da za ta yi maka kai ma za ka iya yi daga baya.

Na miƙa zum har ƙarshe, hoton ya fito dishi-dishi. Kyamarar ce ba ta da kyau?

Galibi ba ita ba ce. Abu uku ne ke jawo haka, kuma na ukun ba ya da magani a shago.

Na farko rawar hannu. Duk yadda zum ya jawo abu, haka yake jawo motsin hannunka, har bugun zuciya kana gani a tagar leƙe. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ita ce saurin ƙiftawar kyamara ya yi daidai da tsayin gilashi: a 1000mm, kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Na'urar hana girgiza da ke cikin kyamarorin nan tana sassauta wannan ƙa'ida sosai, amma hannunka kawai take tsayarwa, ba ta tsayar da doki mai sukuwa. Ka manna kyamara a ido, ka matse gwiwar hannu a haƙarƙari, ka jingina da bango ko mota. Daga 2000mm zuwa sama, sandar nan mai ƙafa uku ta zama dole idan kana son abu mai kyau.

Na biyu ƙarancin haske. Ƙofa ta tsuke a ƙarshen zum, kyamara ta ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na sensa, don ta rama, yashi ya shigo. A ƙaramar sensa, ISO 100 zuwa 400 lafiya lau, 800 a lallaɓa, abin da ya wuce nan sai dai don shaida.

Na uku iskar da ke tsakaninka da abin. Wannan ya fi damun mu da ke yankin zafi da ƙura fiye da masu rubuta sharhin kyamara a Turai. Da rana ta ɗaga a watan Maris ko Afrilu, ƙasa ta ɗau zafi, iskar da ke samanta tana rawa, irin kawalwalniyar da kake gani a kan kwalta. Gilashi mai nisa yana jawo wannan rawar tare da abin, sai ka ga gini ya lanƙwashe, rubutu ya narke. Da hunturu kuma hazo ne zai wanke launin komai ya bar maka toka-toka. Kyamarar dala dubu goma ma ba ta tsallake wannan ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne: za ka hango abu daga kilomita biyu, ka gane ko mene ne, amma hoton da za ka yi alfahari da shi sai ka taka ka matsa. Lokacin da iska ta fi tsafta shi ne da sassafe kafin ƙasa ta yi zafi, da kuma bayan an ɗauke ruwan sama.

To a taƙaice wacce zan saya?

Ya danganta da abin da ya kai ka.

Idan kuɗi ba su da yawa kuma koyo kake so, Panasonic FZ80 ko sabuwar fitowarta ta 2024, FZ80D. A Turai FZ82 ake kiranta, abu ɗaya ne. Tana kai 1200mm, tana da duk saitin hannu da za ka koyi hoto da su, ba ta da nauyi. Canon SX70 HS ta 2018 tana kusa da ita a aiki, tana kai 1365mm, nauyinta bai fi gram 600 da kaɗan ba.

Idan tsuntsaye da wata ne, Nikon P950 ta 2020: 2000mm, kusan kilo ɗaya. A ganina ta fi yayarta P1000 dacewa da yawancin mutane. P1000 da magajiyarta P1100 ta 2025 suna da nauyin kusan kilo ɗaya da gram 400, suna da girman da zai sa ka riƙa barin su a gida, kuma milimita dubun nan na ƙarshe ba kullum iska ke barin ka ci moriyarsu ba. Wanda ya san 3000mm yake so, kuma ya yarda da ɗaukar mai ƙafa uku, ba mai hana shi, domin babu wata da ta kai su nisa.

Idan tsaftar hoto ce a gaba, Panasonic FZ1000 ta 2014 ko FZ1000 II ta 2019: inci ɗaya, 25–400mm, f/2.8–4. Idan aljihu ya yarda, Sony RX10 IV ce sarauniyarsu. Abin da ya fifita ta shi ne saurin kama abu mai motsi, tana bin tsuntsu a sama ko doki a guje, tana ɗaukar hotuna har 24 a daƙiƙa.

Idan ƙura da ruwa ne damuwarka, FZ300, domin an toshe jikinta daga ƙura da feshin ruwa.

Wacce ta dace da hawan sallah da bukukuwa?

Hawan Daushe a Kano da yamma ake yin sa, bayan la'asar. Haske na raguwa, dawakai na tayar da ƙura, jama'a na turereniya, ba wurin kafa mai ƙafa uku. Duk abubuwan da ƙaramar sensa da tsukakkiyar ƙofa ba sa so sun haɗu a wuri ɗaya. Nan mai inci ɗaya ko FZ300 za su ba P1000 kashi. Ka sa saurin ƙiftawa a kashi ɗaya cikin dubu idan ana jahi, ka bar kyamara ta zaɓi ISO da kanta.

Hoton biki a cikin zaure da dare kuwa ba aikin waɗannan kyamarori ba ne, sai dai masu inci ɗaya, su ma da taimakon fitila.

Gaskiya ne ana ɗaukar ramukan wata da su?

Gaskiya ne, kuma wannan ne ya yi wa Nikon P900 suna tun da ta fito a 2015. A 2000mm wata yana cika kusan kashi biyu cikin uku na tsayin hoto, a 3000mm har yana ɗan fita. Wata yana da haske fiye da yadda ake zato, don haka ƙaramar sensa ba ta wahala a kansa. Ramukan sun fi fitowa lokacin da yake rabi, a kan iyakar haske da duhu, fiye da daren sha huɗu. P900 da P950 da P1000 duk suna da saiti na musamman na wata da na tsuntsaye.

Jinjirin wata na daren farko ya fi wuya: siriri ne, yana ƙasa-ƙasa inda hazo ya fi kauri, kuma mintuna kaɗan yake yi ya faɗi. Ka jira rana ta faɗi gaba ɗaya kafin ka juya gilashi yamma. Kada ka taɓa saita dogon gilashi a kan rana, zai iya ƙona cikin kyamarar.

Waɗanne abubuwa ne kada in yarda a rasa su?

Tagar leƙe. A ranar ƙasarmu allon baya ba ya ganuwa, kuma manna kyamara a fuska yana rage girgiza. Masu araha da yawa ba su da ita, kamar Nikon B500 da Canon SX740 HS. Sai saitin hannu, wato haruffan P, A, S, M a kan maɓallin sama. Canon Av da Tv take rubutawa a maimakon A da S. Sai maɓallin da ke janye zum na ɗan lokaci idan abin ya ɓace maka, ka gano shi, ka saki ya koma. Nikon da Canon duk suna da shi a gefen gilashi, kuma wanda bai taɓa neman tsuntsu a cikin ganye a 2000mm ba ba zai san darajarsa ba.

RAW, wato ɗanyen hoto da ake gyarawa a kwamfuta, yana da amfani ga mai niyyar gyara, musamman wajen rage hazo. P900 ba ta da shi, P950 tana da shi.

Zan iya sayen ta hannu?

Ƙwarai, kuma da yawa daga cikin masu kyau a hannu kawai ake samun su yanzu. Amma ka tuna gilashi da jiki abu ɗaya ne: idan gilashin ya lalace, kyamarar ta tafi. Ka je da katin memori naka. Ka kunna ka kashe sau da yawa, ka ga gilashi yana fita yana komawa ba tare da ƙara ko tsayawa ba. Ka miƙa zum daga farko zuwa ƙarshe a hankali. Ka haska tocilan waya cikin gilashin: 'yar ƙura ba komai, amma farin zare-zare kamar yanar gizo funfuna ce, ka ajiye masa kayansa. Ka ɗauki sararin sama ko farin bango da ƙofa a tsuke, ka buɗe hoton ka nemi baƙin ɗigo. Ƙura ce a kan sensa, kuma a irin wannan kyamara sai an kwance ta ake kai wa gare ta. Ka duba kusurwoyin jiki ko ta taɓa faɗuwa, ka buɗe gidan batir ka duba tsatsa.

Ka kuma shiga jerin saiti ka ga harshen. Wasu kyamarorin Sony da Panasonic da aka yi don kasuwar cikin Japan Japananci kaɗai suke yi, ba a iya mayar da su Turanci ta hanyar da aka saba. Sukan zo da araha mai ruɗi, kuma araha ba ta ado.

Yaya zan kare ta daga ƙura da damina?

Duk lokacin da gilashi ya miƙe ya koma, iska yake shaƙa ya fitar, da abin da ke cikin iskar. Ranar da hazo ya yi kauri ko kana kusa da dawakai, rage wasa da zum ba dalili. Kafin ka kashe kyamara, ka share jikin gilashin da ya fito da busasshen ƙyalle mai laushi, kada ya ja ƙurar ciki. Fuskar gilashin kuwa a fara hure ta da 'yar robar hura iska kafin a goge. Gogewa da bakin riga a kan ƙura karce ne. Farin gilashin kariya da ake ɗaurawa a gaba yana da amfani a nan, ka dai sayi daidai bakin taka: milimita 67 ga P950, 77 ga P1000, 72 ga RX10 IV.

Da damina, laima ce abokiyar gaba. Kada ka kulle ta a jaka cikin durowa wata da watanni. Ka ajiye ta a roba mai murfi da 'yan ƙunshin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko magani. Kada kuma ka bar ta a mota a rana.

Batir da memori fa?

A ma'aunin kamfanoni, a yawancinsu caji ɗaya yana ba da hoto tsakanin 250 da 400. P1000 ce a can ƙasa, hoto 250 take bayarwa. Yawan wasa da zum da bidiyo suna cinye shi da wuri. Da yanayin wutarmu, batir na biyu ba ado ba ne. Ka fifita wadda ake caji ta USB, don ka iya jona ta da fawa bank. FZ80D da P1100 USB-C suke amfani da shi, irin na wayoyin yanzu. Nikon B500 batir huɗu na AA take ci, wanda ake samu a kowane kanti, abin da zai yi wa mai zuwa ƙauye daɗi. Idan jirgi za ka hau, batir na ajiya a jakar hannu ake sa shi.

Memori kuwa, nemi mai alamar U3 ko V30 idan za ka ɗauki bidiyon 4K. Jabun kati ya yi yawa a kasuwa, a rubuta 128GB alhali cikinsa bai kai ba, sai ranar da ya cika hotuna su fara ɓacewa. Ka cika shi da fayiloli a kwamfuta ka sake buɗe su kafin ka amince masa da ranar sallah.

Suna yin bidiyo mai kyau?

Da rana, sosai. Ka duba ko tana da ramin jona makirfo. P950 da P1000 da SX70 da FZ300 da FZ1000 da RX10 IV suna da shi, FZ80 ba ta da shi. Wutar Nijeriya da Nijar 50Hz ce, ta Amurka 60Hz. Idan ka ga hoto yana ƙyafta-ƙyafta a ƙarƙashin ƙwan lantarki, ka nemi saitin PAL ko firam 25 ko 50 a daƙiƙa. Wasu da aka yi don kasuwar Amurka ba su da wannan zaɓi, don haka a duba kafin a biya.

Ba gara in sayi babbar kyamara mai canjin gilashi ta hannu ba?

Tambaya ce mai kyau. Tsohuwar DSLR ta Nikon ko Canon da gilashin 70–300mm za ta kai ka kusan 450 zuwa 480mm, da sensar da ta ninka ta 1/2.3 fiye da sau goma. A hoton mutane, da dare, da wasanni, za ta fi. Idan kana hangen wata rana hoto ya zama sana'a, can ka nufa. Abin da za ka rasa shi ne sauƙi da nisa: gilashi biyu aƙalla, canza su a cikin ƙura, kuma gilashin 150–600mm shi kaɗai ya kusa kilo biyu.

Akwai abin da bai kamata in ɗauka ba?

Akwai. Kyamarar da ke karanta lambar mota daga ƙarshen layi tana iya leƙa tsakar gidan maƙwabci daga saman bene, kuma iyawa ba izini ba ce. Gidajen mutane, matan aure, 'ya'yan wasu, duk sai da yardar masu su. A kasuwa ko ƙauye, ka yi sallama, ka gaisa, ka nemi izini, ka nuna wa mutum hotonsa a allo; mafi yawa za su yarda, wasu ma su kira 'yan uwansu. Barikin soja, shingen bincike, ofishin 'yan sanda, filin jirgi da gidan gwamnati kuwa, mayar da murfin gilashi ka sa kyamara a jaka tun kafin ka iso. Dogon gilashi yana jawo ido fiye da waya, kuma bayanin cewa shirwa kake ɗauka a kan eriya ba lallai ya karɓu a wurin ba. A wuraren shaƙatawa da gidajen tarihi, ka tambaya a ƙofa ko ana biyan kuɗin kyamara daban da na shiga.